Tsohon cocin Wusasa: ginin Hausa ne, ko ginin Turawa da aka yi da ƙasa?

Bazazzagi_Zane:
Assalamu alaikum 'yan zaure. Maganata a kan tsohon cocin St Bartholomew ne da ke Wusasa, wanda 'yan mishan na CMS, ƙungiyar bishara ta ɗariƙar Anglikan (Cocin Ingila), suka gina a 1929. A ganina duk wanda zai lissafa manyan gine-ginen Hausa na ƙasar Zazzau, in ya ambaci Masallacin Juma'a na Babban Gwani, shahararren maginin nan na Zazzau, da fadar Sarki, to dole ya sa wannan coci a lissafi. Ginin ƙasa ne, bakan gizo ne ke ɗauke da rufinsa, kuma hannun maginan gida ne ya yi aikin. Amma wani malaminmu a sashen zanen gine-gine ya ce sam, wai cocin ƙauyen Ingila ne aka sa masa rigar Hausa, kuma riga ba ta canza mutum. Masana gini da 'yan Wusasa da ke nan, me kuka gani?

Ɗan_Wusasa:
Wa alaikumus salam. Sannu da ƙoƙari ɗan'uwa. Kafin a shiga gardama bari in shimfiɗa tabarma, don na san yanzu wani zai fito ya ce Likita Mila ne ya gina shi. Shi Mila, wato Walter Miller, ya shigo tare da ayarin Bishop Tugwell a 1900, suka kai har Kano, Sarki Alu ya sallame su, suka dawo suka zauna a Girku. A 1905 Mila ya tare a cikin birnin Zariya, ya buɗe makaranta da ɗakin magani. Da aka matsa a fitar da mishan daga cikin ganuwa, sai aka ba su fili a Wusasa, aka ƙaura a 1929. Shi Mila ƙaurar ba ta kwanta masa ba, Kano ya koma. Wanda ya ja ragamar sabon wurin shi ne Guy Bullen. Saboda haka cocin na zamanin Bullen ne, shi da makarantar da asibitin St Luke.

Game da tambayarka kuwa, mu da muka tashi muna shiga cikinsa ba mu taɓa jin muna cikin ginin baƙi ba. Da azahar a watan Afrilu ka shiga, sanyin soron kakarka za ka ji.

Injiniya_Sabo:
Jin sanyi ba hujja ba ce, Ɗan Wusasa. Kowane bango mai kauri na ƙasa zai ba ka sanyi. Ni ina bayan malamin nan. Abin da ke sa a ce gini na wasu mutane ne shi ne tsarinsa, wato abin da aka zana a ƙasa tun kafin a ɗora tubali ɗaya. Dogon zaure, jama'a a jere suna kallon gaba, bagadi can a ƙurya, wurin mai wa'azi a gefe. A wane gidan Bahaushe ka taɓa ganin wannan? Kuma maganar gaskiya kuɗi ne babu. A 1929 siminti daga Turai ake shigo da shi, sai a 1957 masana'antar siminti ta Nkalagu ta fara aiki. Talauci ne ya sa su ginin ƙasa, yanzu muna yi musu kirarin hikima.

Jikan_Magina:
Injiniya, da girmamawa, ka yi magana irin ta wanda bai taɓa tsayawa a ƙarƙashin baka ana ɗaure ta ba. Kakana magini ne, mahaifina ma ya yi sana'ar kafin bulo ya kore shi. Bari in gaya maka dalilin da ya sa na ce ba riga ba ce.

Azara, wato faskararren itacen giginya, ba ta iya ɗaukar nauyin rufin ƙasa in tazarar ta haura kusan mita 2. Za ta lanƙwashe. To ta yaya za ka rufe ɗakin da mutum ɗari ko fiye za su zauna? Sai ka fito da ƙafa daga jikin bango. Ka binne gindin azara a bango ta leƙo, ka ɗaure wata a kanta da igiya ta ƙara leƙowa tana karkata, a shafe da ƙasa a bar ta ta bushe, sannan a hau mataki na gaba. Ana yin haka ta wannan bango, ana yi ta wancan, har ƙafafun biyu su haɗu a sama. Shi ne bakan gizo. In bakuna suka gitta juna a tsakiya, ya zama ɗaurin guga, a kansa ake samun tulluwa. Ba a kafa katakon tallafi a ƙasa kamar yadda Bature yake yi in zai jera duwatsun bakarsa. Tamu tana ɗauke da kanta tun tana rabi.

To wanda ya yanke tazarar da za a bari tsakanin baka da baka, da kaurin bango a gindi, da yadda zai riƙa sirancewa yana hawa, da inda indararo zai zubar da ruwa, shi ne ya yi ginin. Bature zai iya cewa ina son tsawo kaza, ina son bagadi a can. Amma faɗin da zai samu ba a hannunsa yake ba, a hannun azara yake da wanda ya san halinta.

Maman_Ladi:
Allah ya yi maka albarka Jikan Magina. A cocin nan aka ɗaura auren iyayena. Ni ban iya bayanin gini ba, amma na san da Hausa ake addu'a a ciki tun farko, da Hausa ake waƙa. Littafi Mai Tsarki na Hausa ma a 1932 ya fito, shekara uku bayan ginin, kuma Mila na kan gaba a masu fassarar. Mutanen da suka sha wannan wahala a kan harshe, ba na jin don rashin kuɗi kawai suka zaɓi ginin ƙasa.

Hauwa_Ingila:
Tunda ana ta ambaton cocin ƙauyen Ingila, bari in kawo muku guda ɗaya na gaske don a san abin da ake kwatantawa da shi. Ina karatun adana tsofaffin gine-gine a nan, kuma wanda aka fi kai mu shi ne Holy Trinity da ke Long Melford, a yankin Suffolk.

Ƙauye ne, amma in ka hango cocin sai ka ɗauka na babban birni ne. Dalili kuwa ulu. A ƙarni na 15 masu saƙa da fataucin tufafin ulu na yankin sun yi kuɗi ƙwarai, suka rushe yawancin tsohon cocinsu suka sake gina shi tsakanin 1467 da 1497. Babban mai ɗaukar nauyin aikin shi ne John Clopton. Abin da ya fi burge ni, sunayen waɗanda suka ba da kuɗi an rubuta su a jikin bangon ta waje, can sama, ana roƙon mai wucewa ya yi musu addu'a. Har yau ana iya karantawa.

Yankin ba shi da dutsen sassaƙa mai kyau, abin da ke cike da gonakinsu shi ne dutsen ƙyastu. Sai suka riƙa fasa shi biyu, su juyo da baƙar fuskar waje, su jera a cikin firam na farin dutse da aka sayo daga nesa, ya zama ado. Tagogi kuwa sun haura 70, manya-manya, sandunan dutsen da ke raba gilashin suna miƙewa sak har sama. Wannan shi ne salon Gotik na ƙarshe a Ingila. Bangon ya kusa zama gilashi zalla, saboda a ƙasar da rana ke faɗuwa wajen ƙarfe 4 a lokacin hunturu, haske ake nema ido rufe. Mu kuma gudun rana muke yi, shi ya sa tagar soro take 'yar ƙarama, a sama.

Sai abu biyu da suka shafi gardamarku. Na ɗaya, lokacin da aka gina shi babu wani abu wai shi Anglikan. Na Katolika ne. Sai a 1534 Sarki Henry na 8 ya raba gari da Paparoma. Bayan nan aka fasa gumaka, aka cire abubuwa da yawa, amma ginin ya tsaya yadda yake. Na biyu, hasumiyar da kowa ke ɗauka hoto ba ta asali ba ce. Tsawa ta lalata ta farko a wajen 1710, aka yi ta jan bulo, sannan aka lulluɓe wannan da dutse aka gama a 1903.

Saboda haka ko a can ma babu wani kayan gini guda da za a ce shi ne na Anglikan. Suffolk ƙyastu, wani yanki jan dutse, a Greensted ta Essex ma akwai wanda bangonsa gungumen itacen da aka tsaga ne. Kowa da abin da ƙasarsa ta ba shi.

Injiniya_Sabo:
Malama Hauwa, ai kin ƙarfafa maganata ne ba ki sani ba. Kayan gini na canzawa daga gari zuwa gari, tsarin yana nan. To tsarin shi ne ainihin abin. Wusasa ƙasa, Suffolk ƙyastu, uwa ɗaya uba ɗaya.

Hauwa_Ingila:
Amma ba wanda ya taɓa cewa Long Melford ginin Rum ne ko na Italiya, alhali dogon zauren nan mai bagadi a ƙurya daga zaurukan shari'a na Rumawa Kiristocin farko suka aro shi. Kowa cewa yake ginin Ingila ne. Me ya sa in an zo kan namu sai ma'aunin ya canza?

Abu_Sumayya:
Ni dai tambayata, duk masallatan tarihi da muke da su sun ƙare ne da za a zauna ana yabon coci?

Mai_Unguwar_Zaure:
Malam Abu Sumayya, wannan zaure na gini da tarihi ne, kuma akwai Musulmi akwai Kirista a cikinsa. Makon jiya hasumiyar Gobarau muka tattauna, ba wanda ya yi ƙorafi. A ci gaba da magana a kan gini, don Allah.

Bazazzagi_Zane:
Na gode Mai Unguwa. Malam Abu, ai masallacin ma yana cikin maganar, don ba za a fahimci ɗaya ba sai da ɗayan. Masallacin Juma'a na Zariya, wanda Babban Gwani Muhammadu Durugu ya gina a zamanin Sarki Abdulkarimu, wajen shekarun 1830, an tsara shi ne don sahu. Sahu faɗi yake so, kowa kafaɗa da kafaɗa ana fuskantar alƙibla. Shi ya sa za ka ga ginshiƙai da bakuna sun raba cikinsa gida-gida, kowane da rufinsa. Coci kuma tsawo yake so, ido ya tafi kai tsaye har bagadi ba abin da ya tare shi. Wato maginan da suka gāji fasahar Babban Gwani an kawo musu wata buƙata da ba su saba da ita ba, suka warware ta da ilmin da ke hannunsu. Ni a nan nake ganin darajar ginin. Ba kwaikwayon masallaci ba ne, ba kuma kwaikwayon Ingila ba.

Injiniya, batun talauci kuma. Jirgin ƙasa ya riga ya ratsa Zariya ya kai Kano tun 1911. Kwanon rufi da siminti suna isowa, a Sabon Gari ana gini da su. Da sun ga dama da sun yi ɗan ƙaramin ɗaki na kwano kamar yadda aka yi a wurare da yawa.

Injiniya_Sabo:
Isowa daban, iya saye daban. CMS ta Arewa ba ta taɓa zama mai kuɗi ba. Ka duba Legas. Babban cocin Christ Church da ke Marina, Yariman Wales ne ya aza harsashinsa a 1925, aka gama a 1946, kuma Gotik aka yi sosai, da hasumiya da tagogi masu tsini. Ɗariƙa ɗaya, zamani ɗaya. Inda akwai attajirai an yi irin na Ingila, inda babu an kira magina.

Ɗan_Wusasa:
Legas ta riga ta yi shekara fiye da 70 da mishan a lokacin, tana da lauyoyi da likitoci da 'yan kasuwa Kiristoci da suka yi karatu a Ingila, su ne ma ke son irin wancan gini. Jama'ar Wusasa kuwa Hausawa ne da Fulani, wasu daga zuriyar Isawa (almajiran nan masu ɗaukaka Annabi Isa), mutanen da dangi ke yi wa gorin sun zama Turawa. Ka ga kuwa mai irin wannan matsayi yana da dalilin da zai so wurin ibadarsa ya yi kama da gidan ubansa. Ba na musun cewa kuɗi sun yi tasiri. Amma ba su kaɗai ba ne.

Kuma a tuna irin mutanen da suka fito daga wannan ɗan wuri. Janar Yakubu Gowon a Wusasa ya tashi, a makarantar St Bartholomew ya yi firamare. Farfesa Ishaya Audu, ɗan ƙasa na farko da ya shugabanci Jami'ar Ahmadu Bello daga 1966 zuwa 1975, nan ya bi. Dakta Barau Dikko, likitan farko a Arewa, shi ma ɗan wannan mishan ne.

Talatu_Kd:
Kai, ashe Barau Dikko na asibitin Kaduna ɗan can ne? Kullum ina wucewa ta gaban asibitin. Zaure ya yi rana yau.

Ba'adare_Tawa:
Gaisuwa daga Nijar. Ina bin maganarku da daɗi. Mu nan muna da Masallacin Juma'a na Yama a jihar Tawa, wanda magini Falke Barmu ya fara a 1962 da ƙasa da itace, har ya ci kyautar Aga Khan ta gine-gine a 1986. Ba wanda ya ce don Musulunci daga Makka ya zo, masallacin Yama ginin Larabawa ne. Sahu da mihrabi daga addini suke, hannu kuma na Bahaushe ne. In an yarda da wannan a Yama, sai a yarda da shi a Wusasa.

Abin da ya fi damuna shi ne gyara. Ginin ƙasa ɗan lele ne, kowace shekara kafin damina sai an duba shi. Wa ke yi muku yaɓe yanzu?

Jikan_Magina:
Ka taɓo inda ke yi mini ƙaiƙayi, Ba'adare. A da, bayan yaɓe ana shafa makuba, wadda ake samu daga kwasfar ɗorawa, ruwa ya riƙa zamewa. Rufi kuma laso ake yi masa, katsin da ake kwasowa daga karofi a haɗa da gashin jima da ruwan dafara. Yanzu karofi nawa suka rage? Majema nawa? In marina suka mutu, laso ya mutu, in laso ya mutu rufin soro ya fara yoyo. Sana'o'in a ɗaure suke da juna.

Sai mutane su ce bari a huta, a shafe da siminti. Wallahi ba abin da ke kashe ginin ƙasa kamar wannan. Na gani da idona a gidanmu na gado. Wani ɗan'uwa ya kawo kuɗi aka yi wa zaure filasta, shekarar farko kowa na yabo. Siminti ya tsage kamar gashi, ruwa ya shiga ta tsagar, ya rasa hanyar fita, ƙasar ta jiƙe a ɓoye. Ranar da filastar ta ɓanɓaro, da rabin bangon ta taho.

Hauwa_Ingila:
Yaya Jikan Magina, abin da ake koya mana a aji ke nan, har na yi dariya. Tsofaffin cocin Ingila da farar ƙasa aka ɗaure duwatsunsu, ita kuma tana barin danshi ya fita. A ƙarni na 20 aka yi ta cike tsakanin duwatsun da siminti, danshi ya maƙale, dutse ya fara ruɓewa. Yanzu kuɗi ake kashewa ana ƙwaƙule simintin ana mayar da farar ƙasa. Tun a 1877 William Morris ya kafa ƙungiyar kare tsofaffin gine-gine, saboda ya ga masu gyara sun fi ruwan sama ɓarna.

Abin da nake ganin ya kamata a ara shi ne tsarinsu na dubawa. Ɗariƙar Cocin Ingila na da gine-gine kusan 16,000, kuma doka ce duk shekara biyar ƙwararre ya zo ya duba kowanne, daga rufi har magudanar ruwa, ya rubuta abin da ke gaggawa da abin da zai iya jira. Kuma limamin coci ba shi da ikon fasa bango ko canza taga don ya ga dama, sai ya nemi izini daga kotun dayosis, wato yankin da bishop ke shugabanta. Mutanen ƙauyen ne ke tara kuɗin gyara, suna kuka da shi kuwa, don masu zuwa ibada sun ragu ƙwarai.

Injiniya_Sabo:
A nan kam ba ni da ja. Siminti a kan ƙasa ɓarna ce. Amma ku faɗi gaskiya, jama'a na ƙaruwa, suna son fanka da lasifika da wurin mutum dubu. Shi ya sa ko Masallacin Juma'a na Zariya a shekarun 1970 aka yi sabon gini aka lulluɓe tsohon a ciki. Wusasa ma da ta zama dayosis ai sabon babban coci ake amfani da shi.

Maman_Ladi:
Haka ne Injiniya, sabon ya fi ɗaukar jama'a. Amma ka tambayi duk wata tsohuwa a garin inda ta fi so ta yi addu'a. A tsohon ba ka buƙatar lasifika, murya ba ta yin amsa-kuwwa, ƙasar tana shanye ta. Waƙa a ciki daban take.

Sadiq_ABU:
Ga ɗalibai irina da ke son ganin yadda bakan gizo yake ba tare da an hana su taɓawa ba, a je gidan tarihin gine-ginen gargajiya da ke Jos. Akwai kwafin masallacin Zariya da aka gina a can ƙarƙashin jagorancin Zbigniew Dmochowski, Baturen Poland da ya auna gine-ginen gargajiya na Najeriya da dama. Sai dai shi ma wurin yana neman yaɓe.

Tambayata ga Yaya Bazazzagi: in mun ce ginin Hausa ne, sunan wa za mu rubuta a matsayin mai ginin? A Long Melford Anti Hauwa ta ce har masu ba da kuɗi an rubuta sunansu a bango. Mu kullum sunan Bature ake kira, Mila ko Bullen.

Bazazzagi_Zane:
Tambaya mai nauyi, Sadiq. Ita ce ma ta sa na ɗauko maganar. Muddin ana kiransa cocin da Turawa suka gina, ba wanda zai je Unguwar magina ya tambayi zuriyar Sarkin Magina ko kakan wa ya ɗaure bakunan nan. In aka karɓe shi a matsayin aikin maginan Zazzau, dole a nemi sunayensu kamar yadda aka riƙe na Babban Gwani.

Injiniya_Sabo:
A nemi sunayensu, na yarda, haƙƙinsu ne. Amma ni har yanzu a littafina zan rubuta: tsarin Ingila, aikin Zazzau. Ku kawo mini awon faɗin zauren da tazarar bakuna, a kwatanta da na masallacin Juma'a da na soron fada. In lissafin ya bi na magina, zan sake duba matsayina.

Jikan_Magina:
Zai bi, Injiniya. Azara ba ta jin Turanci.

Ɗan_Wusasa:
Masu son awo, kada dai a zo da tef ranar Lahadi. A fara zuwa ofishin dayosis a nemi izini cikin mako, a kuma zo da takarda daga makaranta in ɗalibi ne. Sadiq, in kun shirya ka yi mini magana ta akwatin sirri, akwai dattawa biyu a unguwarmu da iyayensu suka ga lokacin da ake ginin, sai mu fara da su.